Akwatin tsaron nan na shagonka, gadi yake yi ko ado?

Yau da faɗa na zo, kuma da mutum biyu zan yi: kai mai shago, da abokan sana'ata masu haɗa wa mutane intanet. Akwai koyarwa a ciki kamar kullum, amma wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri tun yanzu.

Kwanakin baya wani bawan Allah mai shagon buga takardu a Kaura Goje ya kira ni. Irin shagunan nan ne da suka haɗa komai, fotokwafi, hoton fasfo, duba sakamakon jarrabawa, ga POS a bakin ƙofa, kwamfuta huɗu, firinta biyu, kyamara a saman silin. Kukansa biyu ne: data na ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma da yamma intanet ɗin jan ƙafa yake kamar tsohon jaki. Ya nuna mini wani akwati a saman kanta, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, fitilu na ta ƙyaftawa. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Fayawal ne. Kuɗi na zuba masa. Yaron da ya haɗa ya ce ko ƙuda ba zai ratsa ba."

Na ɗaga ƙyallen, na juya bayan akwatin. Ramin da aka rubuta WAN a kansa wayam yake, ƙura ce kawai a ciki. Kebul ɗin da ya fito daga rautar kamfani an cusa shi a ɗaya daga ramukan LAN. Na ce, "Alhaji, tun yaushe aka haɗa wannan?" Ya ce an fi shekara. Fiye da shekara guda yana biyan kuɗin wutar akwatin da aikinsa bai wuce na abin raba soket ba.

Bari in yi maka bayani da gidanku. Ramin WAN shi ne ƙofar gida, wadda ke kallon titi. Ramukan LAN su ne cikin gida, inda iyali suke. Shi kuma fayawal, ko katangar tsaro idan ka fi so, maigadi ne da aka zaunar a soro: duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gabansa. Idan aka ɗauko kebul ɗin intanet aka sa shi a LAN, to an fasa bangon baya an yi wata ƙofar. Maigadi na nan zaune a soro da sandarsa, ana ba shi abinci, jama'a kuwa ta baya suke wucewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san dalilin da ya sa ake yin haka, kuma ba dalili ba ne. Rautar kamfani tana zuwa da adireshi, a ce 192.168.1.1. Shi ma akwatin tsaron sau da yawa yana zuwa da adireshi a wannan layin na 192.168.1. Idan ka haɗa su ta WAN a haka, akwatin zai ga waje da cikin gida duk suna da adireshin unguwa ɗaya, ya rasa ina zai aika saƙo, intanet ya ƙi zuwa. Maganin minti biyar ne: ka shiga saitin LAN na akwatin, ka sauya lambar ta uku, ka mayar da shi 192.168.50.1 misali, ka tabbatar adireshin da yake raba wa na'urori ya koma layin 50, ka sake kunna shi. Shi ke nan. Amma injiniyanmu yana sauri, akwai wani aikin a Gama, rana ta yi, Alhaji na tsaye a kansa yana "har yanzu bai kawo ba?" Sai ya zare kebul, ya cusa a LAN, ya kashe DHCP ɗin akwatin, ya buɗe YouTube ya nuna. Intanet ya kawo. Aka ƙirga masa kuɗinsa, aka yi masa addu'a, ya hau babur.

Kai da kake karanta wannan a wayarka, ba sai ka zama injiniya ba kafin ka gane ko an yi maka haka. Ka haɗa wayar da Wi-Fi ɗin shagon, ka shiga bayanan haɗin, ka nemi inda aka rubuta Gateway ko Router. Ka kwafi lambar ka sa a burauza. Idan shafin akwatin tsaronka ne ya buɗe, alhamdulillah, ta gaban maigadi kake wucewa. Idan shafin rautar kamfani ne ya fito, irin na Huawei da aka fi gani a 192.168.8.1 ko na ZTE, to ko dai an yi maka irin na Alhaji, ko kuma an bar Wi-Fi ɗin rautar kamfani a kunne, kowa yana hawa kai tsaye. Wannan na biyun ma ya yi yawa. A haɗa akwati daidai, kebul a WAN, komai tsaf, sannan a bar tsohuwar rauta tana watsa Wi-Fi da kalmar sirrin da yaran shago suka haddace tun bara. Me aka yi ke nan?

Yanzu ga abin da ya kamata a ce an gaya maka ranar da aka haɗa. Ɓangaren WAN na kowane akwati, ko MikroTik ne, ko TP-Link, ko FortiGate, ko Sophos, ko tsohuwar kwamfutar da aka ɗora wa pfSense, tambaya ɗaya yake yi: ta wace hanya zan karɓi adireshi daga waje? Amsoshin da aka fi amfani da su uku ne.

Mafi sauƙi shi ne DHCP, wasu na'urorin suna rubuta Dynamic IP. Akwatin zai miƙa hannu, abin da ke gabansa ya ba shi adireshi. Idan intanet ɗinka daga rautar MTN ko Airtel ko Glo yake fitowa, ko daga Starlink, wannan za a zaɓa, babu sunan shiga, babu kalmar sirri. Sai Static IP, wanda kamfani ke ba ka lambobi ka rubuta da hannu: adireshin, da subnet mask, da gateway, da DNS. Lamba ɗaya ta kuskure, babu intanet, don haka a rubuta su a takarda a ajiye. Na ukun, wanda nake so ka buɗe kunne a kansa, shi ne PPPoE. Masu ba da intanet ta faiba ko ta rediyon da ake ɗaurawa a saman bene da yawa da shi suke aiki. Ana ba ka sunan shiga da kalmar sirri na layinka, akwatin ya gabatar da su kafin a buɗe masa. Wannan sunan da kalmar naka ne, da kuɗinka aka saye su. Na sha zuwa wurin da aka danna maɓallin risat bisa kuskure, ko tsawa ta kashe akwati a damina aka sayo sabo a France Road, a tambayi mai wuri sunan PPPoE ɗinsa ya ce bai taɓa jin kalmar ba. Shago ya kwana biyu ba aiki ana neman lambar wani yaro da aka ce ya koma Abuja.

Wani abu kaɗan a kan PPPoE ɗin, ga masu son sani. Girman ƙunshin saƙo a kebul na yau da kullum 1500 ne, amma PPPoE na cinye 8 daga ciki, saura 1492. Wannan lambar ake kira MTU. Idan aka bar ta ba daidai ba za ka ga abin mamaki: WhatsApp na aiki, Google na buɗewa, amma shafin banki ko na wata hukuma ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Mutane su yi ta zagin sabis, alhali lamba ɗaya ce a saiti. Idan kuwa akwatin naka mai cin layin waya ne kai tsaye, APN zai nema. Na MTN web.gprs.mtnnigeria.net ne, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat, kodayake yawancin sababbin na'urori da kansu suke ɗauka.

Idan akwai rautar kamfani a gaban akwatinka, ka duba ko tana da abin da ake rubutawa Bridge Mode ko IP Passthrough, a Starlink kuma Bypass Mode a cikin manhajarsu. Yana sa rautar ta janye jikinta, ta bar akwatinka ya fuskanci waje da kansa. In babu, ba a mutu ba, haɗin zai yi aiki ta DHCP, illa dai a kashe Wi-Fi ɗinta kuma a sauya mata kalmar sirri ita ma. Mai Starlink ya sani, idan ya kunna Bypass, komawa sai an yi wa rautar risat gaba ɗaya.

To mu koma kan faɗanmu.

Na tambayi Alhaji kalmar sirrin shiga akwatin. Ya ce injiniya ne ya sani. Na gwada admin da admin a rautar kamfanin. Ta buɗe. Cikin jerin na'urorin da ke kan layin a lokacin na ƙirga wayoyi sun fi ashirin, alhali mutum biyar ne a shagon. Duk wanda ya san Kaura Goje ya san yadda gidaje da shaguna suke manne da juna, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, ga majalisa a ƙofar gida, ga teburin mai shayi da daddare. Wi-Fi bai san iyakar shago ba. Kuma tun daga Android 10, duk wanda ka sa wa kalmar sirri sau ɗaya zai iya fito da ita a hoton QR ya ba abokinsa, abokin ya ba ƙaninsa. Ka ce ai kai da hannunka kake sa wa mutane, ba ka faɗa musu? Wayar ce ke faɗa musu. Ga inda datar Alhaji ke tafiya, ga dalilin jan ƙafar yamma, lokacin da samari suka dawo unguwa ake kallon ƙwallo da TikTok.

Da data ce kawai ake sha, da na ce sadaka ce ka yi ba ka sani ba. Amma a kan wannan layin ɗaya kwamfutocin shagon suke, kuma a ɗaya daga cikinsu akwai folda da aka buɗe don sauran kwamfutoci su riƙa ɗauka suna bugawa. Me ke ciki? Takardun NIN na mutanen unguwa, sakamakon WAEC da NECO, hotunan fasfo, takardun haihuwa, takardun neman aiki masu ɗauke da lambar waya da adireshin gida, har da takardun asibiti. Duk yaron da ke kan Wi-Fi ɗin, da manhajar duba fayil ta kyauta, zai iya leƙawa. Mutanen nan da suka kawo takardunsu amana suka ba ka. Budurwar da ta kawo hotonta a buga mata ba ta yarda ya kwana a wayar wani ɗan majalisa ba. Kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumarta NDPC. Dokar ba ta bankuna da kamfanonin waya kaɗai ba ce, duk mai tara bayanan mutane don sana'a akwai nauyin kiyaye su a wuyansa.

Zan yi adalci a kan POS, don kar a ce ina tsorata mutane. Yawancin na'urorin POS da layin wayarsu suke aiki, kuma saƙonsu a kulle yake tafiya, ɗan unguwa ba zai zauna da wayarsa ya kwashe kuɗin ciki don kawai ya hau Wi-Fi ɗinka ba. Haɗarin yana kan kwamfutar da kake shiga banki da ita, da kyamararka, da ita kanta rautar. Wanda ya shiga rauta da admin zai iya sauya DNS, wato littafin da ke fassara sunan shafi zuwa lambarsa, sai ka rubuta sunan bankinka a kai ka wani shafin mai kama da shi. Burauza za ta yi gargaɗi, gaskiya ne, amma nawa ne cikinmu ke karanta gargaɗin nan kafin su danna ci gaba? An yi wannan a fili a 2018, da wani shiri da masana suka sa wa suna GhostDNS, wanda ya kama rauta sama da 100,000, mafi yawansu a Brazil, kuma masu asusun banki yake farauta.

Na san abin da ke bakinka. "Ni da ɗan shagona a lungu, wane ɗan kutse ne ya san da ni?" Babu wanda ya san da kai, kuma ba ya buƙatar sani. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓe ba, manhaja ce ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, kamar ɓarawon da ke bin layi yana tura kowace ƙofa, wadda ta buɗe ya shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi haka da jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 kacal, irin su admin da admin, root da 12345. Da wannan ɗan jerin ta tara dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka juya su kan kamfanin Dyn na Amurka, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ɗauke na sa'o'i. Kar ka ce abin Turawa ne. A watan Nuwamban shekarar, wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da irin wannan rundunar ya far wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, har abin ya taɓa intanet ɗin ƙasar, kuma wani ne daga kamfanin da ke gasa da su ya ɗauke shi aikin. A Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Masu kyamarorin da aka yi yaƙin da su ba su san ana yi ba, sun dai ga intanet ɗinsu ya yi nauyi.

Ko a 2018 masu bincike na Cisco sun fito da labarin VPNFilter, wadda ta shiga na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, cikinsu har da Linksys, Netgear, TP-Link da MikroTik, wato irin waɗanda ke kantunanmu. A shekarar ne kuma aka gano wata kafa a Winbox, manhajar da ake saita MikroTik da ita ta ƙofa mai lamba 8291, wadda ke ba baƙo damar kwashe kalmomin sirri. Kamfanin ya toshe kafar a watan Afrilu, amma watanni bayan haka ana ta kama na'urori saboda masu su ba su sabunta ba. Ba laifin sunan kamfani nake nunawa ba, ni ma da MikroTik nake aiki kuma ina son sa. Kowane akwati yana da ranarsa. Wanda ake sabunta wa manhaja shi ke tsira. Ingila ta gaji da wa'azi, tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari mai sauƙin hasashe. Mu a nan kayan da suka iso kasuwa su muke saye, sababbi da na hannu, don haka aikin a wuyanmu yake.

Wani masanin zai ce, ai layukan waya da Starlink suna bayan CGNAT, ba a iya shigowa daga waje. Yana da gaskiya rabi. Idan ka duba adireshin WAN ɗinka ka ga ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, ko da 10, to kai da mutane da yawa kuke raba adireshi ɗaya a waje, kuma mai tura ƙofa daga nesa ba zai same ka kai tsaye ba. Amma wayoyi ashirin ɗin nan da na ƙirga a shagon Alhaji daga Rasha suka shigo? Ga filashin da kwastomomi ke kawowa ana cusawa a kwamfuta daga safe zuwa dare, ga wayar yaron shago cike da manhajojin da aka turo ta Xender. Kuma ranar da ka koma faiba aka ba ka adireshi na kanka, wannan rufin asirin ya tafi, saitin kuwa yana nan yadda aka bar shi.

Yanzu gare ku abokan sana'a. Na san hujjarku, don ni ma na taɓa kawo ta. Kuna cewa idan aka ba mai shago kalmar sirri, ɗansa zai shiga ya jagwalgwala, a kira ku ƙarfe goman dare a ce aikinku ne bai yi kyau ba, kuma ba za a biya ba. Wannan yana faruwa, wallahi yana faruwa. Amma maganinsa a cikin akwatin yake: ka ajiye kwafin saitin a fayil, ka ba shi ɗaya ka riƙe ɗaya, in an ɓata minti uku ne a mayar. Ka buɗe wa kanka asusu daban da sunanka, shi ma nasa daban, kowa ya san abin da ya taɓa. Ka rubuta masa kalmar a takarda, ka sa a ambulan, ka ce Alhaji wannan tare da takardar haya za a ajiye. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a riƙe makulli don dole a sake kiranka. Magini ba ya gama gini ya tafi da makullin ɗaki ya ce duk ranar da ake son shiga a neme shi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wasunmu garkuwa suke yi da kayan mutane, wasu kuma ɓoye kalmar suke don kar wani ya shigo ya ga irin aikin da suka yi.

Sai masu barin ƙofar saiti a buɗe ta WAN, wai don su riƙa gyarawa daga gida ba sai sun sha man babur ba. A wasu na'urorin Remote Management ake rubutawa, a wasu kuma HTTPS ko SSH ne aka yi wa alama a ƙarƙashin WAN. Haba. Ka tona rami a katangar mutum don sauƙin kanka, ba ka ko gaya masa ba? Idan gyara daga nesa kake so, ka kafa VPN, WireGuard na nan kyauta kuma akwatunan yanzu da yawa suna ɗauke da shi. Haka maganar kyamara. Alhaji na son ya ga shagonsa a waya yana Kantin Kwari, sai a buɗe wa na'urar kyamarar ƙofa kai tsaye, a bar ta da kalmar da ta zo da ita daga masana'anta. Yana kallon shagonsa, wasu ma suna taya shi kallo. Ka kashe UPnP, ka kashe WPS, wanda tun Disambar 2011 aka nuna cewa lambarsa mai takwas ana iya gano ta da gwaji kusan 11,000 kawai. Duk wannan bai kai rabin awa ba.

Kai ma mai shago ba ka fita ba. Za ka zuba kuɗi a akwati saboda ana ganinsa, amma idan injiniya ya ce aikin saiti nawa ne, ka ce "ba danne-danne ba ne kawai?" Ka taya shi kamar kana sayen tumatir a 'Yan Kaba, ka tsaya a kansa kana duba agogo. Wanda ka biya kuɗin sa kebul, kebul zai sa maka. Kuma babu ranar da ka taɓa kiransa ka ce zo ka duba ko akwai sabuntawa, ga kuɗin mai. Janaretonka kana sauya masa baƙin mai a kan lokaci, ba ka jira ya buga. Idan akwatin naka irin masu lasisin shekara ne, kamar FortiGate ko Sophos, ka tambaya yaushe lasisin zai ƙare, don bayan ya ƙare tace shafuka da sabunta bayanan ƙwayoyin cuta za su tsaya.

Abu ɗaya da zai sa ka ga amfanin kuɗinka da ido shi ne layi na biyu. Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da ciniki ya koma tiransifa, shagon da babu sabis ya zama kamar a rufe yake. Ka tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, da manyan kebul na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. A irin ranar nan ba duk layuka ne suka jigata daidai ba. Yawancin akwatunan nan suna karɓar WAN biyu: na farko ya faɗi, na biyu ya ɗauka. Amma na biyun ya zama na wani kamfanin daban, kuma a sa akwatin ya riƙa gwada wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, don sau da yawa fitilar rauta na nan kore alhali intanet ya mutu, in ba a sa gwajin ba akwatin zai zauna yana jiran gawa. Ka kuma sa iyaka a layin na biyu, kar Wi-Fi ɗin baƙi ya hau shi. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, data ta wuce abin kyauta.

A shagon Alhaji abin da muka yi ke nan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Kalmar akwatin ba ta samu ba, lambar yaron ba ta shiga, dole muka yi risat muka faro daga farko. Muka sauya LAN zuwa 192.168.50.1, kebul ya koma WAN a kan DHCP, muka kashe Wi-Fi ɗin rautar kamfani muka sauya mata kalma, muka sabunta manhajar akwatin. Muka yi Wi-Fi biyu: na aiki, wanda kwamfutoci da firinta da kyamara kaɗai ke kai, da na baƙi, wanda ke ba da intanet amma ba ya ganin komai na cikin shago, da iyakar gudu ga kowace waya. Muka sa wa foldar kalmar sirri, na ce ya riƙa goge takardun mutane duk ƙarshen mako. Na rubuta masa komai a takarda da hannuna. Ya karɓa yana juya ta, ya ce, "Malam, wato duk shekarar nan..." Na ce, "Alhaji, bar tuna baya, sa ta a durowa ka kulle." Kafin in fito wani matashi ya leƙo daga teburin mai shayi yana tambaya ko sabis ɗin shagon ya lalace ne, tun ɗazu ya ƙi hawa.

Gobe da safe kafin ka buɗe littafin ciniki, ka juya bayan akwatinka ka ga ko akwai kebul a ramin WAN. A MikroTik ramin farko ne, wani lokacin Internet ake rubutawa a kansa. Ka duba Gateway a wayarka, ka gwada admin da admin, sannan ka kira wanda ya haɗa maka ka nemi kalmar sirrin akwatin da sunan PPPoE idan da shi kake. Wanda ya maƙale ya rubuto mana sunan na'urar da irin layin da yake amfani da shi, za mu duba tare in sha Allahu. Amma don Allah kar ka turo hoton sitikar da ke ƙarƙashin rautar, kalmar sirrinka a jiki take.